Amsa kan akwatin RAID 5 da faifai biyu suka faɗi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Ƙofar Ƙaura, na ji saƙonka: akwatin ajiyar bayanai na Synology na ofishinku, mai faifai 4 na tera 2 (terabyte 2 kowanne) a RAID 5, wato tsarin da ke haɗa faifai su yi aiki kamar guda ɗaya, ya nuna biyu sun faɗi bayan an ɗauke wuta an kawo. Don Allah ka kashe shi yanzu. Kar ka sa sabon faifai ya fara sake gini, kar ka yarda da fomatin. Duk abin da aka rubuta a kansu yanzu, kan bayananku zai hau.

Ka gane, RAID 5 rashin faifai ɗaya kaɗai yake jurewa. Amma da wuya biyu su mutu tare. Galibi ɗaya ya daɗe da fita ba wanda ya lura, na biyun kuma 'yan gurabe ne suka ƙi karantuwa, kuma a nan ake samun sa'a.

Kafin ka zare su, ka liƙa wa kowanne lambar raminsa, 1 zuwa 4. Ka samo wasu faifan da ba su gaza tera 2 ba, ka haɗa da kwamfuta mai Ubuntu, ka kwafe kowanne da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai matsala. Zagayen farko ka ba shi umarnin -n, ya kwashe mai sauƙi, sannan -r3 ya koma wa guraben da suka ƙi. Ka ba shi fayil ɗin taswira, inda yake rubuta inda ya kai, don ko wuta ta tafi zai ci gaba daga inda ya tsaya. Aikin kan kai kwana, to a kan inbata za ka yi shi, da fanka tana hura su, ka san zafin garin nan.

To, ga inda mutane ke asara. A kan kwafin, ka buga mdadm --examine (mdadm ita ce manhajar da ke sarrafa RAID), ka duba lambar Events, wadda ke ƙirga sauye-sauyen da kowane faifai ya gani a tsarin. Wanda tasa ta yi ƙasa sosai shi ya fara fita, bayanansa sun tsufa. Ka ajiye shi gefe. In ka sa shi, sunayen fayiloli za su fito daidai amma cikinsu a dagule. Sauran ukun ka haɗa da --assemble --force --readonly. Kalmar --create kuwa, mai ƙirƙirar sabon RAID, kar hannunka ya kai gare ta. In ya haɗu, ka tada LVM ɗin, wato tsarin rabon wurin ajiya da ke kan RAID ɗin, ka buɗe shi don karantawa kawai, ka fara kwashe takardun kuɗi kafin hotuna.

Faifan da ka ji yana ƙas-ƙas, galibi allurarsa ta karatu ce ta lalace. Cire masa wuta, kar a buɗe shi a shago, ƙura kaɗan ta isa ta karce shi. Sai dai a kai shi wa ƙwararru masu ɗakin da ba ƙura. Ka turo mini hoton abin da --examine ya nuna kafin ka haɗa komai.