Zauren Tambaya: Dattawan unguwarmu sun ƙi zuwa aikin zanen bango

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Guga. Akwai wata doguwar katanga da ke kallon filin da yara ke wasa, ta cika da fastocin 'yan siyasa da rubuce-rubucen banza. Muka yi shawara mu gyara ta, muka yi karo-karo muka sayi fenti, wani yaro cikinmu mai hannun zane ya fitar da hoton mahaya dawaki na hawan Sallah. Burinmu aikin ya haɗa mu da iyayenmu, don gaskiya tsakaninmu da su yanzu daga gaisuwa sai faɗa. Muka buga takardar gayyata, muka yi hayar rumfa da kujeru. Dattijo biyu suka zo, suka yi addu'a, suka tafi. Washegari liman ya aiko cewa hoton mai rai bai dace da bangon da ke maƙwabtaka da masallaci ba. Yanzu rabin yaran sun yi fushi, suna cewa tsofaffi ba su son ci gaba. Mu haƙura ne, ko mu yi abinmu mu kaɗai?

Ɗanka, daga Ƙofar Guga

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maku albarka, da ku da karo-karonku. Kada ku haƙura, kuma kada ku yi ku kaɗai.

Ina ganin inda aikin ya karkace shi ne wajen kujerun nan. Kun zaɓi bango, kun zaɓi zane, kun sayi fenti, sa'annan kuka kira iyayenku. Dattijon da aka kai wa takarda, aka nuna mashi kujera a ƙarƙashin rumfa, ya san an riga an gama magana, albarkar bakinsa kawai ake nema. Waɗancan biyun da suka yi addu'a suka tafi, iyakar abin da kuka roƙa suka ba ku. Mutum yana zama a wurin da ake buƙatarsa ne, wurin da in ya tashi aiki zai tsaya.

Maganar liman kuwa, ku karɓe ta hannu bibbiyu. Malamai na da bayani mai tsawo a kan hoton mai rai, ba kuma a wannan shafi za mu warware shi ba. Amma bangon unguwa na kowa ne, kuma abin da zai sa mai zuwa masallaci ya riƙa sunkuyar da kai sau biyar a rana ba zai haɗa kan kowa ba. Ban da haka, kakanninmu sun daɗe suna ƙawata bango ba tare da sun zana mutum ko dabba ba. Ka zaga tsofaffin unguwanni, irin su Masanawa da Albaba da Gambarawa, ka riƙa ɗaga kai kana duba fuskar zaurukan ƙasa da suka rage. Zanen magina ya ginu ne a kan dagi da da'ira da layuka masu sarƙe juna, da takobi da allo, ga zankwaye a bisa. Kuma da keke da agogo da jirgin sama suka shigo ƙasar Hausa, magina ba su yi wata-wata ba, suka ɗora su a fuskar gidaje, musamman a Zariya da Kano. Ka gaya wa yaranku masu fushi wannan: tsofaffin da suke cewa ba su son sabon abu, iyayensu ne suka zana keke a bango lokacin da keke ke abin kallo.

To ga wanda za ku nema: tsohon magini. Da wuya a rasa shi a unguwa irin taku. Tun da bulo da siminti suka ci kasuwa aikinsa ya ja baya, yanzu ƙila gadi yake yi, ko yana zaune a bakin wani shago, yaranku na wuce shi kullum ba su san hannunsa ya taɓa ɗaure bakan gizo na rufin soro da azara ba. Kada ku kai mashi takarda. Ku biyu ko uku ku same shi a gida bayan la'asar, da ɗan goro, ku durƙusa ku gaishe shi, ku yi mashi tambayar da da gaske ba ku san amsarta ba: "Baba, wace ƙasa ce za ta kama wannan bango?" Daga nan ku yi shiru ku saurara.

Na san abin da nake faɗa, domin ƙanen mahaifina magini ne, kuma tun kafin in fara koyar da zane a makaranta na yi mashi dakon ƙasa da kwanon sarki. Mutum ne mara yawan magana, amma in aka zo kan ƙasa sai an gaji da shi. Yakan sa a haƙo ta, a jiƙa, a zuba ciyawar ramno da kashin jaki, samari su shiga su tattake da ƙafa, a rufe a bar ta ta tsima kwanaki. Da safe ya zo ya damƙi curi guda, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci ya sansana, sa'annan ya maka shi a bango. In ya zame, ko kallonmu ba ya yi, sai ya ce a ƙara tattakawa. In ya manne, ya ce bismillah. Zane kuwa tun yaɓe na ɗanye yake yin sa. Na ga ya fitar da dagi da babban yatsa da bakin cokali, bai auna da komai ba, layi ya bi ta ƙarƙashin layi ya fito ya koma inda ya faro. Mu yara muna tsaye riƙe da kwanoni mun manta da nauyin da ke kanmu. A wurin wannan aiki na ji labarin yadda gidanmu ya zo unguwar, da dalilin da ya sa ba mu auratayya da wani gida, abubuwan da bai taɓa faɗa mani a zaune ba.

Zai fara duba katangar taku, kuma amsarsa za ta dogara da abin da aka gina ta da shi. In ta bulo ce, yaɓen ƙasa ba ya kama siminti da kyau, damina ɗaya zai ɓamɓare. A nan sai dai a fitar da zanen da siminti da yashi mai laushi, ya yi tudu-tudu, in ya bushe ku bi da fentinku, kuɗinku ba su tafi a banza ba ke nan. In kuwa ta ƙasa ce, ina roƙonku kada ku lulluɓe ta da siminti. Danshi yakan maƙale a ciki, ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana a wayi gari fuskar ta zube gaba ɗaya. Ita makuba take so, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ƙasa, ya ba bango launi ja mai duhu ya kuma sa ruwa ya riƙa zamewa. Ka tambaye shi laso ma, yaɓen nan mai hana ruwa shiga, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Sai marini da majemi da magini sun sa hannu kafin a sami kwano ɗaya.

Ni da za ku bi tawa, ko katangar ta bulo ce, ku gina dogon dakali na tubali a gindinta, ku yi mashi 'yar rumfa. Dalilina shi ne ƙasa tana neman a dawo mata. Fenti ana shafa shi rana ɗaya, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Yaɓe kuwa kowace shekara kafin ruwan farko, wanda a nan kan sauka wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, dole a sake taruwa a toshe tsaga a sabunta fuska. Hasumiyar Gobarau, da ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ƙasa ce mai tsawon kusan mita 15, kuma ba ta kawo yau ba sai don an yi ta komawa kanta da gyara. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda ginin yanzu na 1907 ne, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi: mata da 'yan mata na jido ruwa, samari na tsere da kwandunan laka, magina na bisa suna shafawa, ana kiɗa. Yaron da ya yi dako bana, wata shekara shi ke kan tsani. Kafin ku fara, ku ɗebi yaranku da tsohon magininku ku je tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Ku bar shi ya riƙa nuna maku yadda aka ɗora rufin.

Cikin wasiƙarka ban ji an ambaci mace ko ɗaya ba, kuma rabin gwanayen zanen unguwarku suna cikin gida. Yarinyar da ke yi wa amare lalle hannunta ya fi na yawancin ɗalibaina tsayuwa. Ku aika ta hannun iyaye a ba su takarda su fitar maku da fasali. Haka masu ɗinkin hula, da tsohon da ke zana aska takwas a wuyan babbar riga, da alaramman da ke zayyana allon sauka. Sai dai aya kada ta hau bangon waje, inda ƙura da fasta da fitsarin yara za su same ta. Ƙasan rumfar kuma ku bar wa iyayenku mata su yi mata daɓe. Su baza tsakuwa, su yayyafa ruwa, su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu tare suna waƙa, a ƙarshe a bi da ruwan makuba. Ranar maza ku kawo ruwa da itacen girki ku ba su wuri.

Yaronku mai dawaki kada a karya mashi zuciya. Hawan Sallah na iya fitowa ba doki ba mahayi: sirdi da likkafa da linzami, laima, kakaki, tambari, takobi. Ya zauna da magini su ga yadda za su shiga cikin zanen. Mahayansa kuma ya zana su a yadi ko katako ya kai inda ake so.

Ku sanar da mai unguwa da mai katangar tun da wuri. Kuɗin ɗan siyasa kuma ku guje su, ko ya yi maku tayi, domin wanda ya biya fenti gobe fastarsa za ta dawo, ba ku da bakin hanawa.

Ba zan ɓoye maka ba, za a yi maku tsawa. Tsohon magini zai rushe abin da yaro ya yi awa guda yana yi, ya ce a sake. Ka shirya yaranku tun yanzu su san haka aka koya mashi shi ma. Ku kuma 'yan'uwana dattawa da ke karanta wannan shafi, in yaran nan suka zo suka durƙusa, ku dubi Allah ku sassauta harshe. Ba kullum yaro ke zuwa da ƙafarsa neman abin da ke hannunmu ba.

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa. Kakata a nan Daura ta haura shekara 80, ta san waƙoƙin niƙa da na daka da tatsuniyoyi masu yawa. Ina so in naɗe su a waya don jikoki, amma da na kunna sai ta ce ta manta, wai waƙar niƙa ta tafi da dutsen niƙa. Yaya zan yi?

Ɗiyarka, daga Daura

AMSA

Ɗiyata, ba ƙarya ta yi maki ba. Waɗannan waƙoƙi da aiki aka haife su, numfashinsu na bin faɗuwar taɓarya, shi ya sa ba su fitowa a kan kujera ana haska mata waya. Ki jira lokacin Sallar Gani, cikin Rabi'ul Awwal, da dangi ke dawowa gida kallon hawa. Ki fito da turmi tsakar gida, ki jiƙa gero, ki ce furar bana ta hannu za a yi, ba za a kai inji ba. Ki sa 'yan matan gidan su kama daka, su gwada lugude. Za su kwaɓa, taɓare su riƙa karo. Kakarki ba za ta iya zama tana kallo ba, za ta fara gyara masu daga inda take, kuma mai gyara lugude da baki take ba da amo. Tatsuniya kuwa ba a yin ta da rana. Bayan isha'i ki shimfiɗa tabarma kusa da ita, ki sa ƙaramin jika ya fara "ga ta nan ga ta nanku" ya ɓata labarin Gizo da Ƙoƙi, ki ga ko za ta ƙyale shi.

Wayar ki ajiye ta gefe, amma da saninta. Kada ki naɗi tsohuwa a ɓoye. Bayan an gama ki kunna mata ta ji, ki tambaye ta wanne ta yarda a ji a waje, wanne ne na gida. Yawancin waƙoƙin niƙa habaici ne ga kishiya ko uwar miji ko miji, kuma a gari irin Daura jikokin wadda aka yi wa habaicin suna nan da ransu, wasu ma a ɗakinku suke kwana in sun zo Gani. Irin waɗannan ki ajiye su a wayar mutum biyu na gida don kada su salwanta, ki rubuta baitocin a littafi da bayanin da ta yi maki, amma kada su hau Facebook ko TikTok sai ita ta ce a sa.