Sikeli ko haidiromita: wanne mai haɗa sabulu za ta fara saya?

Tambaya: Malam, ina haɗa sabulun wanki a gida a Ɗorayi. Da gwangwanin madara nake auna kostik soda. Wani lokaci sabulun ya yi kyau, wani lokaci ya ci hannun masu wanki. Kuɗina na abu ɗaya ne, sikeli zan saya ko haidiromita, wato bututun gilashin da ake tsomawa a ruwan soda don auna nauyinsa?

Amsa: Hajiya, ki sayi sikeli, na batir mai nuna giram ɗaiɗai. Gwangwanin nan ne ke cutar ki. Soda mai fale-fale da mai ƙananan ƙwayoyi ba nauyinsu ɗaya ba a cikin gwangwani, ga ta da shan laimar iska. Ki bar buhu a buɗe da damina, za ki tarar ta jiƙe ta dunƙule.

Lambar 1275 da masu koyar da sana'ar ke cewa ruwan soda ya kai a haidiromita, ma'anarta ruwan sodar ya fi ruwa zalla nauyi sau 1.275, wato soda kashi 25 cikin 100. Da sikeli kaɗai ma za ki sami wannan: soda giram 250, ruwa giram 750. A nan mutane ke zamewa, sai su zuba giram 250 a lita guda cur. Wannan kashi 20 ne kawai, wajen 1220 a haidiromita.

In ciniki ya kankama, ki ƙara da haidiromita, don ita ke tona asirin sodar da ta sha laima. Amma kada ki tsoma ta nan take. Soda na zafafa ruwa sosai wajen narkewa, ruwa mai zafi kuwa lambarsa ƙasa take karantawa, sai ki bari ya kwana. A Kasuwar Sabon Gari ki nemi mai farawa daga 1000, ki gwada ta a ruwa zalla tun a gaban mai shago, ta tsaya kusa da 1000 ɗin.

Soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a soda ba, cikin bokitin roba mai kauri. Tukunyar dalma cinye ta take yi. Safar hannu da tabarau dole ne.

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Fagge na son sanin ko takardar pH, wadda ke canza launi in an tsoma ta, za ta wadatar wajen auna ƙarfin ruwan soda.

Amsa: A'a, Malam. Da kashi 10 da kashi 25 duk launi ɗaya za ta nuna maka, don ma'auninta a 14 ya ƙare, dukansu kuwa sun kai can. Ka ajiye ta don gwada sabulun bayan ya bushe.