Gishiri da sukari a gwajin daskarewa

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanina, na saurari tambayarka. Ka ce a lab kun narkar da giram 5.85 na gishiri a ruwa giram 100, kuka auna sukari daidai wannan nauyin kuka zuba a wani ruwan. Na gishiri bai daskare ba sai da ya sauka digiri 3.4 ƙasa da sifiri, na sukari kuwa ko rabin digiri bai kai ba, har kana zargin ma'aunin zafin. Lafiyarsa ƙalau. Don Allah kada ka taɓa lambobin nan naka.

Ka gane, su halayen koligatib ɗin nan, ko saukar daskarewa ne, ko hawan tafasa, ko matsin osmosis (ratsawar ruwa ta siririn shamaki zuwa ɓangaren da ya fi kauri), yawan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwan suke bi, ba nauyinsu ba. Kamar yaron mota ne a tasha, kawuna yake ƙirgawa, mai ƙiba da siriri duk kuɗi ɗaya. Da mol ake ƙirga yawan ƙwayoyin nan, kuma mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne, na sukari kuwa 342. Kenan gishirinka mol 0.1 ne, sukarin bai wuce 0.017 ba. Tun nan tazara ta buɗe. Sannan shi gishiri da ya shiga ruwa sai ya rabe biyu, sodiyam gefe, kuloraid gefe, su ake kira ayon, wato ƙwayoyi masu caji, alhali sukari yana nan a dunƙulensa.

Ɗauko biro mu yi tare. Kf na ruwa, wato digirin da daskarewarsa ke sauka idan ƙwayoyi mol ɗaya suka narke a kilon ruwa, 1.86 ne. Molalitin gishirinka, wato mol nawa ne a kowane kilon ruwa, 1 ne, i ɗinsa, wato gida nawa yake rabewa, 2 ne, ka ninka su da Kf, 3.72. Sukari molalitinsa 0.171, sau 1.86, kusan 0.32. Ba abin da ka gani kenan ba?

Yauwa, sai batun 3.4 maimakon 3.72, nan ne nake so ka tsaya sosai, domin nan darasin yake. Idan ruwan ya yi kauri da gishiri, ayon ɗin suna kusa da juna, mai caji tabbatacce yana jan mai korau, ba kowanne ke sakewa ya yi aikinsa shi kaɗai ba. Raba 3.4 da 1.86, za ka samu kusan 1.8. Wannan shi ne i na zahiri, kuma da ka ƙara sirka ruwan za ka ga yana matsowa kusa da 2. Shi wannan i sunan van 't Hoff yake ɗauke da shi, mutumin Holan da ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901. Raina yana ɓaci in ga ɗalibi ya goge sakamako mai kyau irin wannan ya rubuta na littafi. Rubuta 3.4 ɗinka, ka yi bayanin dalili a rahoto.

Abu biyu kafin na ajiye. Ruwan, ku ɗora shi a sikeli, molaliti da kilon ruwa ake yi, ba da litar haɗin ba. Kuma ku riƙa juyawa a hankali yayin da kwalbar ke cikin ƙanƙara da gishiri. Wani lokaci zafin zai zarce ƙasa babu ƙanƙara ko ɗaya, kwatsam sai ta fito, ma'aunin ya yi tsalle sama. Kada ka ɗauki wancan na can ƙasa, inda ya dawo ya ɗan tsaya shi za ka rubuta. Turo min hoton jadawalinka da daddare na duba.