Za mu je Kuala Lumpur da Hajiya: ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ƙanena zai kammala digiri na biyu a wata jami'a kusa da Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ya matsa lallai sai mun je bikin yaye su, ni da mahaifiyarmu. Ban taɓa wuce Saudiyya da Dubai ba. Kwana bakwai za mu yi. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, kuma ba ta cin abin da hankalinta bai kwanta da shi ba. Yaya garin yake, me za mu ci, kuma akwai abin da zan saro in rage zafin kuɗin jirgi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya wa karatun albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Wahalar Kuala Lumpur a bakin ƙofa take. In kun samu kun shiga, da wuya ka sami wani babban birni a gabashin Asiya da zai yi wa Bahaushe Musulmi sauƙin zama kamarsa. Don haka da takardu zan fara.

Mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Malesiya a filin jirgi, tun daga gida ake nema, kuma suna da ofishin jakadanci a Abuja. Ka sa ƙanenka ya karɓo muku takardar gayyata daga jami'ar, wadda ke ɗauke da sunayenku kamar yadda suke a fasfo. Fasfon ya zama yana da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma sai allurar ta kwana goma kafin a lissafa ta, saboda haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Sannan akwai fom ɗin isowa da ake cikewa ta intanet, MDAC, cikin kwana uku kafin sauka. Kyauta ne a shafin hukumar shige da ficensu. Duk shafin da ya nemi ka biya, ba nasu ba ne.

Biza a hannu ba ta hana jami'in filin jirgi yi maka tambayoyi, kuma gaskiya suna tsananta wa masu koren fasfo. Ka buga tikitin dawowa da shaidar kama otal da takardar gayyatar a kan takarda, kada ka dogara da waya. Kada ka karɓi saƙon kowa, ko na wane ne, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba. A 2023 sun soke dokar da ta wajabta wa alƙali yanke hukuncin kisa, amma har yanzu yana da ikon yanke shi a kan safarar ƙwaya. Magungunan gwiwar Hajiya su kasance cikin kwalayensu tare da takardar likita. Kilishi da dambun nama kuma, ko da ɗalibi ya roƙa, a bar su a gida.

Babu jirgin da ke tafiya kai tsaye. Ana yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Dubai, tafiyar kan ci kusan kwana guda, kuma agogonsu na gaba da namu da awa bakwai. Tun wajen yankar tikiti ka nemi a rubuta wa Hajiya keken guragu a kowane zango. Ba a biyan komai, kuma zai raba ku da dogon layi.

Filin jirgin yana Sepang, kimanin kilomita 50 kudu da gari. Akwai jirgin ƙasa, KLIA Ekspres, da ke kai mutum tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, amma ku da kaya da dattijuwa, mota ta fi muku. Ka sauke manhajar Grab, ita ce tasin garin, kuɗin yana bayyana tun kafin ka shiga, ba ciniki ba gardama. A hanya za ka ga gonakin kwakwar manja iya ganinka, kuma na san abin da zai faɗo maka: zancen nan da ake yawan yi cewa daga Najeriya suka ɗauki irin bayan samun 'yanci. Itacen dai ɗan Afirka ta Yamma ne, kuma masu bincikensu sun zo Najeriya tattara iri a shekarun 1970. Amma tun 1848 Turawan Holan suka dasa shi a Bogor ta Indunusiya, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malesiya an kafa ta a 1917 a jihar Selangor. Wato sun daɗe suna nomansa tun kafin mu sami 'yanci.

Garin kansa yaro ne. Lokacin da 'yan ƙasar Sin masu haƙar kuza suka kafa sansani a wurin, wajajen 1857, Daular Sakkwato ta haura shekara 50, Kano kuwa ba a maganarta. Ma'anar sunan ma ba ta da wani armashi: mahaɗar ruwa mai laka, wato inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. Gobara da ambaliya suka cinye bukkokin a 1881, aka sake gini da jan bulo. A nan aka yi shelar 'yancin kai ran 31 ga Agusta 1957. Yau cikin birnin akwai mutum kusan miliyan biyu, in an haɗa da garuruwan da suka manne da shi a kwarin Klang kuwa ana maganar wajen miliyan takwas. Tun 1999 aka fara kwashe ma'aikatun gwamnati zuwa sabon gari, Putrajaya, amma majalisa da fadar sarki suna Kuala Lumpur, kuma har gobe shi ne babban birni.

Wannan saurin girma shi zai shafi gwiwar Hajiya. An gina garin ne don mota da jirgin ƙasa, mai tafiya a ƙasa sai daga baya aka tuna da shi. Wuri zai yi maka kusa a taswira, ka fito ka tarar babban titi mai hannu shida ya raba ku, sai ka hau gada ka sauka. Don haka wurin kwana shi ne rabin tafiyar. Ka kama otal a kusa da KLCC, wato unguwar tagwayen benayen Petronas, ko KL Sentral, wanda daga ƙofarsa zuwa tashar jirgi ko babban kanti bai wuce taku kaɗan ba. Bukit Bintang ta fi araha da yawan abinci, har da layin Larabawa, sai dai da dare unguwar shaƙatawa ce, ba lallai Hajiya ta ji daɗin abin da za ta gani ba. In jami'ar a Gombak take ko Serdang ko Bangi, daren bikin ku kwana kusa da ita, don cunkoson safiya ba ya da kirki. Otal zai ƙara maka harajin baƙi, ringgit 10 a kuɗinsu kowane ɗaki kowane dare, ba cuta ba ce.

Zafinsu bai kai na Kano a watan Afrilu ba, da rana yakan tsaya wajen digiri 32 ko 33, amma zafi ne mai gumi, ka yi wanka ka fito ka jiƙe. Ba su da rani, ba su da hunturu. Ruwa kan sauko da la'asar da tsawa mai firgitarwa, ya yi awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Ku riƙa fita da safe, ku dawo ku huta bayan azahar, ku sake fita bayan magariba. Shadda mai sitati a ajiye ta sai ranar biki. Hajiya kuma ta riƙe mayafi mai kauri, don sanyin na'urar da ke cikin kantuna da jiragen ƙasa ya fi zafin waje illa.

Sallah ba za ta ba ku wahala ba. Kusan kowane babban kanti da gidan mai da tasha akwai ɗakin sallah da wurin alwala, maza daban mata daban. Kalmar da za ka nema a allo ita ce surau. Lokutan ne za su ba ka mamaki: rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai, azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, magariba bayan bakwai. Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma ya yi alƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, mamu suna ɗaga hannu suna amin. Ka faɗa wa Hajiya tun da wuri kada ta ɗauka an yi rafkanwa. Juma'a ku yi ta a Masjid Negara, babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, mai rufi kamar buɗaɗɗiyar laima. Huɗuba da Malayanci ake yi, amma kunnenka zai riƙa cafke kalmomi: Jumaat, Khamis, Sabtu, Ahad, dunia, waktu. Gaisuwarsu ma, apa khabar, ina labari ke nan. Suna da nasu ajamin, Jawi, za ka gan shi a allunan masallatai.

Batun abinci, ka kwantar wa Hajiya da hankali, amma da sharaɗi. Malayawa Musulmi ne, sai dai garin na 'yan asalin Sin da Indiya ne ma, kuma gidajen abincin 'yan Sin da yawa suna dafa alade. Kalmar ita ce babi, ka haddace ta. Hukumar addini ta ƙasa, JAKIM, ita ke ba da tambarin halal, kuma ba wasa suke yi da shi ba. Inda ka ga tambarin, ko ka ga mata masu lulluɓi suna girki Malayawa sun cika wurin, ku zauna. Titin Jalan Alor da ake ta tallatawa a hotuna gauraye yake, ba wurin Hajiya ba ne.

Abin da zai fi saurin shiga ranta shi ne satay. Tsire ne sak, a tsinke, a kan gawayi, sai dai maimakon a barbaɗa ƙuli-ƙuli, miyar gyaɗa ake tsomawa, kuma akwai zaƙi-zaƙi. Wannan zaƙin shi ne ƙorafin mutanenmu a kan girkinsu gaba ɗaya, suna sa sukari inda mu ba ma sawa, don haka ƙullin yajin gida zai yi rana. Karin kumallonsu nasi lemak ne: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi, da ƙwai, da miyar barkono. Shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak su ne masu shayin garin, da yawansu ba sa rufewa har asuba. Nan za ka sami roti canai, wata waina ce ta fulawa mai laushi da ake ci da romo, da shayin madara da ake ɗagawa sama ana tsiyayawa kamar yadda mai shayin unguwarku ke yi. In kana son sukari kaɗan ka ce kurang manis. In duk wannan bai karɓe ta ba, gidajen abincin Yamalawa suna nan da mandi irin wanda ta sani a Makka.

Wuraren gani, kwana bakwai da bikin a ciki, ba sai kun bi komai ba. Tagwayen benayen Petronas, mita 452, hawa 88, su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Ana hawa gadar da ta haɗa su da tikitin da gara a saya ta intanet tun da wuri, amma ni a ganina kallonsu daga lambun da ke ƙasa bayan magariba, an kunna fitilu, ya fi hawan daɗi, ga kujeru ga masallaci a gefe. Yanzu ma an shafe su: Merdeka 118 ya kai kusan mita 679, Burj Khalifa kaɗai ya fi shi a duniya.

Wuri biyu ne ba na so ku rasa. Na farko gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke daf da Masjid Negara, wanda aka buɗe a 1998. Akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu daga sassan duniya, da ƙananan siffofin manyan masallatai har da na Makka da Madina, ga sanyi ga lif, Hajiya za ta yi awa biyu ba ta gaji ba. Na biyu Kampung Baru, unguwar Malayawa da aka keɓe musu tun wajajen 1900. Gidajen katako ne a kan turaku, da bishiyar ayaba a tsakar gida, benayen gilashi sun yi musu zobe. Shekara da shekaru ana son a rushe a yi gini, maganar gado da diyya ta hana ruwa gudu, don fili ɗaya sai ka tarar magada sun fi a ƙirga. Duk wanda ya san rigimar gidan gado a cikin badala zai gane zancen. Ku je cin abincin dare. In da sauran ƙarfi, ku biya Masjid Jamek na 1909, yana daidai kan mahaɗar kogunan nan biyu da suka ba garin suna.

Kogon Batu kuwa, da kowa zai ce sai kun je, matakala 272 ne, wurin bautar Hindu ne, ga birai masu fizge leda. Kai ka je in kana sha'awa, Hajiya ta huta. Gara a kai ta Putrajaya a mota ta ga masallacin nan mai launin hoda a bakin tafki.

Saro kaya: kada ka sa rai da yawa. Kuala Lumpur ba Guangzhou ba ce, yawancin abin da ke kantunanta ma daga Sin aka kawo, in ka lissafa kuɗin awon kaya ribar ta tafi. Abin da ya cancanci a duba shi ne hijabai da gyale da dogayen rigunan mata, don a nan suna da nasu ɗinki da yayi. Ka zaga titin Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India ka ga farashin ɗai-ɗai, sannan ka je Kenanga Wholesale City inda ake sari. Wayoyi da kwamfuta a Low Yat Plaza suke. Petaling Street ta jabun agogo da jaka ce. A wannan zuwan ka ɗauko samfur da lambobin dillalai, ka gwada a Kwari ka gani tukuna.

Fasfo ya kasance a jikinka duk inda za ka, don ana tare baƙi a tambaya, musamman baƙar fata. Hajiya ta riƙa rataya jakarta ta ɓangaren da ba titi ba saboda masu fizge a babur. Wajen tsallaka titi ku fara duba dama, don ta hagu suke tuƙi. Ka kuma duba hatimin da aka buga muku a filin jirgi ka ga kwana nawa aka rubuta, shi ne abin lissafi, ko da bizar ta nuna fiye da haka. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajar da kake amfani da ita a Kano za ta shiga.