Fita Tiga da tsohuwar Marsandi: me zan shirya?

Malam, ka ce ka gaji Marsandi 280 SL ta 1980, kuma masu sha'awar tsofaffin motoci sun gayyace ka fita daga Kano zuwa madatsar ruwa ta Tiga, kana tsoron kada ta ba ka kunya a hanya.

Irin wannan fita da sassafe muke tashi, mu jeru a titin Zariya kafin rana ta take. Zafi shi ne babban abokin gabar motar nan. A wanke lagireto, a duba fanbel da robobin ruwa, domin robar da ta shekara arba'in tana iya fashewa ba sallama. Ni tawa ta taɓa tafasa a Kwanar Dangora, ranar na ji jiki. Idan ta tafasa kada ka buɗe murfin lagireto, bari ta huce.

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne yarda da taya don zanenta bai cinye ba. Duba shekarar da aka ƙera ta. Ka riƙe takardunka saboda 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano.

Birki kuwa, kai wa tsohon bakaniken da ya san Marsandi. Kayan gyara ka fara leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa. Sannan ka zagaya da ita cikin gari kwana biyu kafin ranar.