Nas ta rage wa mahaifiyarmu oksijin, tsimi ne ko aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Dan Allah mahaifiyarmu ce aka kwantar a asibiti numfashinta na sama-sama, dama ta daɗe tana fama da tari, an ce hayaƙin itacen girki ne ya taɓa mata huhu. An sa mata oksijin ta hanci, to cikin dare yayana ya ga tana haki sai ya murɗa ya ƙaro iskar, da nas ta zo ta gani sai ta rage ta hau mu da faɗa ko bayani babu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, ko dai tsimin iskar suke tunda kuɗi ce? Daga wata baiwar Allah a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. 'Yar uwa, a yadda kika kwatanta, nas ɗin nan taimakon Mama ta yi. Oksijin magani ne kamar allura, yana da awo kuma likita ke rubuta shi. Ciwon da hayaƙin itace ko taba ke jawowa, wanda ake ce wa COPD, yana toshe hanyoyin iska ta yadda huhu baya iya fitar da gurɓatacciyar iskar jiki yadda ya kamata, to in aka cika wa irin wannan mara lafiyan oksijin ita gurɓatacciyar na iya taruwa a jini, ki ga mutum ya yi laushi yana ta barci ku ɗauka sauƙi ne alhali suma ce ke tafe. Shi ya sa ƙaramar na'urar nan da ake maƙala mata a yatsa don auna yawan oksijin ɗin da ke jininta, su masu COPD ana so ta tsaya tsakanin 88 zuwa 92, saɓanin sauran mutane da ake nema musu 94 zuwa sama.

Amma faɗan nan ba bayani, gaskiya bai dace ba kuma ina jin ciwonsa. Mutanen da suka kwana a zaune suna kallon ƙirjin uwarsu yana hawa yana sauka, haƙƙinsu ne a faɗa musu me ake yi kuma don me, tun lokacin da aka sa robar ya kamata a ce kar kowa ya taɓa, ga dalili. Minti biyu ya isa. Da an yi haka yayanki ba zai kai hannu ba.

Gobe in likita ya zo zagaye ki tambaye shi lamba nawa ake so na'urar ta nuna, ki rubuta a takarda. In hakin ya ƙaru ko kika ga tana wuyar tashi daga barci, a kira ma'aikaci nan take ya duba ta. Sannan in an sallame ku da tukunyar iska, kar a kusanto da kaskon turaren wuta ko garwashi ɗakin, oksijin na rura wuta sosai.