Ƙanina ya salwantar da kuɗin gini, Mama ta ce in sake ba shi

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto min. Shekara 2 tana turo wa ƙaninta kuɗi ya gina mata gida a Kaduna, da aka ɗauko mata hoto sai ga gini ko linta bai kai ba, wai ya zuba sauran kuɗin a wata harka da abokinsa ya ce za ta ninka. Mama kuma ta ce a yi haƙuri a ci gaba da ba shi tunda jini ɗaya ne.

'Yar'uwa sannu, gaskiya abin ya taɓa ni, don na san kuɗin nan na tsayuwar dare ne da sanyi. Ban ce ƙaninki ɓarawo ne ba. Amma ki buɗe Littafin Misalai 26:6, ya ce mai aika saƙo ta hannun wawa kamar ya datse ƙafafunsa ne, aya ta 10 kuma ta kwatanta mai ɗaukar wawa aiki da maharbin da ke raunata duk wanda ya gitta. Wawa a Misalai ba wanda bai yi boko ba ne, shi ne wanda hanyarsa daidai take a idonsa, ba ya jin shawara (12:15). To shi da ya taɓa kuɗin amana bai ko kira ki ba kuma har yanzu yana cewa a jira riba, ki auna da kanki.

Ko Musa da aiki ya yi masa yawa, surukinsa Yetro bai ce ya ɗauko 'yan gidansu ba, ya ce ya nemo masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, waɗanda ke ƙin haramtacciyar riba, yana nan a Fitowa 18:21.

Kafin ki sake turo ko sisi, ki fara binciken fili, abin da ya fi damuna kenan don ba ki ce komai a kai ba. Sunan wa ke jikin takardar sayen? Ki samu lauya naki na kanki, ba wanda ƙaninki ya kawo ba, ya je KADGIS, hukumar da ke rajistar filaye a Kaduna, ya duba, ya bi miki C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, da sunanki. In za ki ba wani takardar wakilci a rubuta iyakarta, kula da gini kawai banda sayarwa. Kuɗin siminti da rodi ki tura wa dila kai tsaye a turo miki rasit, magini kuma a biya shi mataki-mataki bayan kin ga aikin ta bidiyo kol.

Mama kuwa kar ki yi musu da ita, ita tsoron rabuwar kanku take ji. Ki kira ta ranar Lahadi bayan sujada ki ce ba ki yar da shi ba, in taimako ne za ki ba shi daidai ƙarfinki a matsayin kyauta, amma ginin kin miƙa wa wani. In ta ƙi fahimta ki roƙi fastonku ko kawunku ya zauna da su biyun.